Katin da Ke Jikin Firij

Duk wanda ya taɓa shiga kicin ɗina ya san katin nan. Yana manne a ƙofar firij da wani maganaɗisu mai siffar masara. Hoton Nelvin Taveras ne yana ɗan shekara goma sha tara, hula ta yi masa yawa, ya ɗaga ƙafa zai jefa ƙwallo. A gefen hoton ya rubuta da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, "Ga Papa Del da Mama Verna," sannan ya sa hannu a ƙasa. Bahago ne, don haka gefen hannunsa ya ɗan shafe wutsiyar sunan Del, mijina. Rubutun kamar kaza ta yi tono, amma shekara huɗu ina karanta shi kowace safiya kafin in ɗauko madara. Bai tsone wa kowa ido ba sai surukina Colby, mijin 'yata Shawna.

A nan Otter Bend ƙungiyarmu ta besbol, wasan jifan ƙwallo da bugunta da sanda, ita ce matakin ƙasa. Nan manyan ƙungiyoyi ke turo samarin da suka ɗauka su fara rarrafe, wanda ya yi ƙoƙari a ƙara masa mataki, wanda ya gaza ya koma gidan ubansa. Abin da ake biyansu bai taka kara ya karya ba, shi ya sa duk shekara iyalan gari ke karɓar ɗaya-ɗaya su ba su ɗaki da abinci. Mu Nelvin ne rabonmu. Ya zo daga Jamhuriyar Dominika da jaka guda, da Turancin da bai wuce cikin cokali ba.

Mijina Delbert, Allah ya ji ƙansa, tun da muka yi aure yake burin ɗa namiji wanda za su riƙa jefa ƙwallo a bayan gida. Allah ya ba mu Shawna kaɗai, ita kuwa ko lemo ka jefa mata sai ta rufe ido. To da Nelvin ya zo, sai tsoho ya koma yaro. Ya tono tsohuwar safar kamun ƙwallonsa daga gareji, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa masu ƙara, Nelvin yana jifa, tafin hannun Del yana kumbura, shi kuwa sai dariya. Shi ya koya masa tuƙi a harabar coci. Nelvin kuma ya ƙwace min tukunya ya koya mana shinkafa da wake irin na garinsu, wadda ake bari gindinta ya kama. Su biyun har faɗa suke yi a kan ƙanzo.

Ranar da ƙungiya ta raba katunan 'yan wasanta kyauta a bakin ƙofar fili, Nelvin ya kawo nasa gida a cikin hula. Katinsa na farko ke nan a duniya. Ya zauna a teburin nan, ya ciji harshe kamar ɗan firamare, yana zana haruffa ɗaya bayan ɗaya. Del ya karɓa ya karanta, ya sake karantawa, ya ce wai albasa ce ta shigar masa ido, alhali ba mai yanka albasa. Da ciwon huhu ya kwantar da shi a ƙarshen shekarar, katin nan ya ce in kai masa asibiti. Duk nas ɗin da ta shigo sai ya nuna mata, ya ce, "Kin ga ɗana? Ki riƙe sunan nan." Yana kan durowar gefen gadonsa ranar da ya cika.

Daga nan ne na fara tara katunan Nelvin. Duk matakin da aka ƙara masa sai a buga masa sabo, ni kuma in je shagon da ke kusa da gidan waya in sayo ƙunshi, in zauna ina ɓarewa har in ci karo da fuskarsa. Wani yana cikin farar riga, wani cikin ja, wani an sa masa ƙyalli kamar takardar alewa. Ina zuba su a gwangwanin biskit. A cikinsu nake ganin kafaɗunsa suna faɗi, hular tana daidaita da kansa. Amma na firij daban yake, don shi kaɗai ne Del ya riƙe da hannunsa.

Shi kuwa Colby, dillalin inshora ne, kuma shi ma wai mai tara kati ne. Yana da ɗaki guda a gidansu wanda ko Shawna ba ta shiga da shayi. Kafin ya taɓa kati sai ya sa farar safar hannu kamar zai yi tiyata. Amma bai taɓa zama ya kalli wasa daga farko har ƙarshe ba. Ka tambaye shi da wane hannu Nelvin ke jifa, sai ya duba waya. Da sunan yaron ya fara tashe, jaridu suna cewa ga wanda za a sa wa ido, sai cin abincin Lahadi a gidana ya koma wa'azi.

"Mama, don Allah, kin san abin da kika liƙa a firij kuwa?"

"Na sani mana. Ɗana ne."

"Tururin girki yana dukansa, rana tana dukansa, ga wannan masarar tana danne shi. 'Yan kaɗan aka buga fa, kuma yawancinsu yara sun maƙala a tayar keke don ta riƙa ƙara. In yaron nan ya shiga babbar ƙungiya, katin nan sai ya saya miki mota."

"Ina da mota."

"Ta Baba Del? Wadda sai an lallashe ta take tashi?"

"Ita da mai ita ba su taɓa barina a hanya ba. Ci abincinka."

Da aka fara wasannin bana aka yi min aiki a gwiwa. Na daɗe a gidan jinya ana koya min taku, na ba su Shawna makulli don su riƙa ba furannina ruwa. Ranar da na dawo, ina dogara sanda, ban tsaya ko'ina ba sai kicin. Masarar tana nan, amma takardar sanarwar coci take riƙe da ita. Na kira Colby ko jaka ban ajiye ba.

Ya ce, "Kwantar da hankalinki, Mama, yana hannu mai kyau. Bazata zan yi miki."

"Ba na son bazata. Ka dawo min da abina."

"Ai ba ya garin ma. Ki dai yi haƙuri zuwa ranar haihuwarki, za ki sa min albarka."

Shawna ta yi ta lallashina, wai gida mai kyau za a yi wa katin don kada ya lalace. Na haɗiye, don ba na son in zama surukar da ake kwatance da ita. Amma kowace safiya in na je ɗaukar madara sai in ga gurbin nan, wani ɗan fili mai kusurwa huɗu da ya fi sauran ƙofar fari.

Ranar haihuwata suka zo da kek, Colby ya gasa masara a bayan gida yana ta fara'a. Bayan an ci an sha ya miƙo min wani ɗan akwati da aka naɗe da jar takarda. Na warware. Katin ne, an rufe shi ruf a cikin wata ƙaƙƙarfar roba mai haske wadda ba ta da marfi, da wata 'yar takarda a sama mai lambobi.

"Kamfanin masu tantancewa na aika wa," in ji shi, yana washe baki. "Sun duba shi da madubin ƙara girma, sun tabbatar sa hannun na gaske ne, sun ba shi maki. Yanzu ko a ruwa ya faɗa ba abin da zai same shi."

Na ɗauko tabarau na sa. Ga Nelvin da hularsa. Ga sa hannunsa a ƙasa. Gefen hoton kuwa fes, kamar ba a taɓa ɗora alƙalami a wurin ba. Na juya bayan, na sake juyowa, na karkata shi ga rana ko idona ne.

"Colby, ina rubutun?"

"Shi ne bazatar ai! Ni na cire da hannuna. Auduga da ɗan sinadari, a hankali a hankali, ban taɓa sa hannun ba. Sai da na gwada a kan katunan banza barkatai kafin in kusanci wannan. Ko masu madubin ba su gane ba."

"Ka goge sunan mijina?"

"Mama, ki gane. Katin da aka rubuta wa sunan wani ba shi da kasuwa. Kowa a harkar nan ya san haka. Wa zai sayi kati an rubuta Del? Wa ya san Del?"

Shawna ta ce, "Colby!" amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Wa ya san Del. A bayan gidan Del, a kan kujerar da Del ya ƙera, da masarar da aka gasa a murhun Del a hannun Colby. Na miƙe ba tare da sanda ba, gwiwar da aka yi wa aiki ma ta manta da ciwonta.

"Ni na san shi! Nas-nas na asibitin gari sun san shi! Wanda ya rubuta sunan ya san shi! Wa ya ce maka na sayarwa ne? Na ba ka makulli ka ba furanni ruwa, kai kuma ka shiga kicin ɗina da auduga? In hoton aurena ya yi kasuwa, shi ma sai ka yanke kan angon?"

"Don amfaninki fa na yi. Wata rana jikokinki..."

"Jikokina sunan kakansu za su so su gani, ba lambar wasu masu madubi ba. Ɗauki kek ɗinka."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, har ya shiga mota yana ganin ni ce ban waye ba. Na ji shi yana ce wa Shawna tsufa ne, in na huce zan gane. Garin neman gira ya rasa min ido, kuma yana jiran tukuici. Na jefa robar a durowar cokula, don ko kallonta ba na son yi. Makonni suka shuɗe, Lahadi ta zo ta wuce, ban ɗora tukunya don kowa ba.

Ana nan sai waya ta yi ƙara wata safiya, na ji muryar da na sani.

"Mami! Akwai ƙanzo?"

Nelvin ne. Saura masa mataki ɗaya ya shiga babbar ƙungiya kafaɗarsa ta ɗan motsa, aka hutar da shi. Yanzu ya warke, kuma kamar yadda aka saba, sai an turo mutum ƙaramar ƙungiya ya gwada hannu kafin a mayar da shi sama. Shi ya roƙa a turo shi Otter Bend. Wasan rana ne ranar Lahadi, ya ce in an tashi zai zo cin abinci. Ban gaya masa komai ba. Me zan ce a waya?

Labari ya bazu. Colby, wanda ya yi makonni bai tako gidana ba, sai ga shi ya aiko Shawna da roƙo, wai ko za a ba shi kujera a teburin. Na ce ya zo. Ina so ya zo.

Ranar wasan ban taɓa ganin filinmu haka ba. Tun kafin a fara, wasu ƙarti da motoci masu lambar wasu jihohi sun yi dafifi a jikin shinge, kowanne da kundin katuna a hammata, suna ture yaran gari da gwiwar hannu. "Nelvin! Nan! Sa hannu kawai, kada ka rubuta suna!" Haka suke ihu, ba kunya ba tsoron Allah. Da suka samu abin da suke so, rabinsu suka koma motocinsu tun kafin ya yi jifan farko. Ni kuwa na zauna a kujerar da muka saba zama da Del, na ɓare gyaɗata, na kalli yaron nan yana sallamar masu bugu da sanda ɗaya bayan ɗaya. Ƙwallon tana shiga safar mai kamu da ƙara kamar an fasa katako. Na ce a raina, Del, da hannunka ne yau sai asibiti.

Da yamma ya iso gida, ya sunkuya kafin ya shigo ƙofar kicin, ya ɗaga ni sama har gwiwata ta yi ƙara. Ya gaisa da Shawna, ya ba Colby hannu. Colby ya zo da jaka cike da katuna da maka sababbi, ya jera su a gefen faranti. Nelvin bai ko kalle su ba. Kamar yadda ya saba tun yana zaune a gidan nan, ya nufi firij neman ruwan lemo. Ya kama hannun ƙofar, sai ya tsaya.

"Mami, ina Papa?"

Na buɗe durowar cokula na ɗauko robar na ajiye a tebur. Ya ɗauka ya duba, ya karkata ta ga taga kamar yadda na yi. Kafin in buɗe baki Colby ya riga ni, don har a lokacin yana zaton ya samu wanda zai fahimce shi.

"Ni na gyara shi, maigida. Kai ka san harkar. Tsaftataccen sa hannu a katin farko, ga tantancewa. In aka kira ka sama, wannan sai dai manyan masu tarawa."

"Kai ka goge?"

"Da auduga. Ko alama babu."

Nelvin ya ajiye robar a tebur. Sannan ya ce, "Ka san sau nawa na gwada rubutun nan a bayan kwalin madara kafin in sa a kati? Ban iya rubutun Turanci ba a lokacin. Ubana ya rasu ina goye. Ban taɓa rubuta wa wani mutum Papa ba sai shi."

Nelvin ya juya ya ja durowa ta ƙasa, wadda ba wanda ya nuna masa, ya ɗauko filayar Del. Ya kama kusurwar robar ya matsa.

"Tsaya! Tsaya, don Allah! In ka fasa, makin ya tashi a banza!"

Ƙas! Ɓallin roba ya yi tsalle ya faɗa cikin tukunyar wake. Ya sa bakin wuƙar man shanu ya ɓamɓare sauran, ya zaro katin da yatsunsa masu maiƙon ruwan lemo. Colby ya dafe kai kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Da ya ga ba makawa, sai ya turo maka ɗaya daga cikin nasa.

"To aƙalla yi da wannan. A gefe, ƙanana."

"A'a. Wannan ai tana goguwa. Mami, ba ni biro."

Na ciro biron da ke ɗaure da zare a jikin kalanda. Ya zauna a kujerar da ya zauna shekara huɗu da suka wuce, ya kwantar da katin a kan katakon tebur, ya danna. Ba a gefe ya rubuta ba. Daga kafaɗa zuwa kafaɗa ya bi, a kan ƙirjinsa na cikin hoton, da manyan haruffa, yana maimaita kowane harafi har biron ya nutse a takardar. Ga Papa Del da Mama Verna. Ya tura wa Colby katin a gabansa.

"To, ɗan'uwa. Kawo audugarka."

Shawna ta fashe da dariya da kuka a haɗe. Colby ya tattara katunansa ya mayar jaka ɗaya bayan ɗaya. Nelvin ya tashi ya cire sanarwar coci, ya manna katin a gurbinsa da masarar, sannan ya ɗauko ruwan lemonsa. Aka ci abinci. Da aka zo kan ƙanzo ya kankare tukunyar, ya raba biyu kamar da, ya tsaya da cokali a hannu bai san inda zai zuba rabin ba. Na miƙa masa farantina.

Ba a yi wata guda ba aka kira shi babbar ƙungiya. Colby ya dawo cin abincin Lahadi, don mijin 'yata ne, kuma ba na hana mutum abinci. Na dai canza masa kujera, yanzu wadda ke fuskantar firij ita ce tasa. Ya ba ni haƙuri, na ce na ji. Amma makullin gidana yana wurin maƙwabciya.

Mutane suna cewa ai an gyara, har ma ya fi na da. Ba su sani ba. Rubutun Nelvin ya yi kyau yanzu, haruffan a miƙe, ba inda hannu ya shafe. Da safe in na zo ɗaukar madara nakan zare katin in shafa bayansa, in ji sunan Del ya taso ƙarƙashin yatsana, kuma na san wannan ba mai iya goge shi. Amma wanda Del ya karanta har albasa ta shigar masa ido, wanda ya nuna wa nas-nas, wancan yana jikin wata auduga da Colby ya jefa a kwandon shara.